NASIHA GA MASU HANNU DA SHUNI: WA KUKA DAMƘA WA TAKARDUNKU?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa, Allah Maɗaukakin Sarki ya ba mu labarin 'yar dattijon Madyana da ta ce wa mahaifinta game da Annabi Musa (AS): mafi alherin wanda za ka ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi, amintacce (Alƙasas: 26). Ƙarfi a aikin shari'a shi ne ilimi. Kuma ƙasarmu ƙasa ce mai shari'a biyu, wanda ya san ɗaya ya jahilci ɗaya, da ƙafa ɗaya yake tafiya.

Wannan ne ya sa nake kira ga alhazanmu na kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau a Kano, da masu makarantu da gidauniyoyi, su waiwayi yaran da Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Bayero ke yayewa. Shekara 5 suke yi suna karanta dokar Bature tare da shari'ar Musulunci a digiri guda, sannan su tafi Makarantar Horar da Lauyoyi ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Bagauda, kafin su sa baƙar riga. Abin kuma yana da asali. Tun 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan. Ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci (SAS) a 1947, kuma a cikinta aka dasa kwalejin da ta girma ta zama jami'ar da ke ɗauke da sunan sarkin.

Ku dubi abin da ke faruwa kullum. Mutum ya sayi fili, takardarsa falle ɗaya ce mai hatimin mai unguwa, ya ninke ya sa a ƙarƙashin katifa. Shaguna uku ya haɗa hannun jari da ƙaninsa, babu rubutu, wai ai 'yan uwa ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ranar da ya kwanta dama, tun ba a naɗe tabarmar zaman makoki ba an fara kallon-kallo. Malamin unguwa zai raba gadon daidai, Allah ya saka masa, amma bai san Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallakar fili mai satifiket ba. Lauyan da bai karanta fara'id ba, wato ilimin rabon gado, shi kuwa zai iya rubuta maka wasiyyar da ta haura sulusi, ko ta ba magaji, ya buga mata hatimi ka tafi kana murna, ka bar wa 'ya'yanka rigimar kotu, kai kuma ka tarar da hisabinta a gaba.

Haka harkar kuɗi. Tun da bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki a 2012, hanyoyin hada-hadar kuɗi na Musulunci irin su murabaha da ijara da sukuk suka shigo kasuwa. Wa zai karanta maka yarjejeniya ya nuna maka layin da kuɗin ruwa ya ɓuya, ya kuma tabbatar takardar za ta tsaya a gaban babbar kotu? Sai wanda ya zauna a azuzuwan biyu.

Amma fa kwalin digiri ba ya sa taƙawa. Manzon Allah (SAW) ya faɗa a hadisin Ummu Salama cewa wani zai fi wani iya tsara hujja, to duk wanda aka yanka masa haƙƙin ɗan uwansa, yanki ne na wuta aka yanka masa. Saboda haka kada ka ɗauki yaro don ya iya murɗe gaskiya. Idan ya ce maka, "Alhaji, wannan gonar ba taka ba ce, ta marayu ce," ka gode masa, kada ka sallame shi. Irin wannan ake nema.

Kuma don Allah a biya su. Abin kunya ne yaro ya ƙare shekara 6 yana karatu, ka sa shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin kotu da ma'aikatar ƙasa, sannan ka sallame shi da kuɗin adaidaita da "Allah ya yi albarka". Addu'a tana da kyau, amma ba ta sayen shinkafa.

Kada kuma a ɗauka don ɗan wane ne. A gwada shi. Ka ce masa mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Idan ya san aikinsa zai ce maka asalin mas'alar 24 ne, ta yi auli, wato kason magada ya haura asalin, zuwa 27, tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Daga nan sai ka miƙo masa takardar filin nan ta ƙarƙashin katifa, ka ji me zai ce.