Wai "Misar waya ba Misa ba ce"

Na so in yi shiru saboda makon Ista ne na 2020, amma abin ya tsaya mini a rai. Kun dai ga abin da bawan Allahn nan ya rubuta ranar Lahadi a ƙarƙashin bidiyon Misar da cocinmu ya watsa ta waya bayan an rufe coci saboda cutar korona, daidai lokacin da Fada ke ɗaga Jikin Almasihu: wai Misar waya ba Misa ba ce, wai mai bangaskiya ba ya tsoron ƙwayar cuta, wai Fada neman mabiya yake a Facebook.

Sannu da aiki, jarumin bangaskiya. Ashe ka fi Fafaroma imani ba mu sani ba. Ranar 27 ga Maris 2020 duniya duka ta ga Fafaroma Francis, dattijo mai shekara 83 a lokacin, yana addu'a cikin ruwan sama a filin cocin Waliyyi Bitrus, filin nan da ke cika maƙil, ranar ba jama'a sai kyamara. Tun 9 ga Maris aka fara watsa Misarsa ta safe daga ɗakin sujada na Santa Marta, masaukinsa a Vatican. Shi ma mabiya yake nema ke nan? Sai ka rubuta masa wasiƙa ka gyara masa zama.

Fada bai rufe coci don tsoro ba. Ina maimaitawa, bai rufe don tsoro ba. Tun 26 ga Maris aka sa dokar hana fita a Kaduna, kwana biyu bayan haka gwamnan kansa ya ce ya kamu. Maƙwabtanmu Musulmi an rufe musu masallatan Juma'a, Saudiyya ma ta dakatar da Umra. Kowa ya haƙura, sai kai ne abin ya fi ƙona wa rai? Kai da ko lokacin da ƙofa ke buɗe sai an gama karatu na biyu kake shigowa, ka tsaya ƙarƙashin mangwaro.

Na san abin da za ku ce: ba a karɓar Jibi, wato Jikin Almasihu, ta waya. E, mun sani, ba wanda ya ce ana karɓa. Shi ya sa Fada ke karanta addu'ar tarayya ta ruhu, ta wanda bai samu karɓar Jibi ba, wadda Ikilisiya ta daɗe da ita kafin a haifi kakanku. Wani zai ce data na tsada, ƙauyuka ba sabis. Gaskiya ne, amma don ƙauye ba sabis sai a hana na gari? A sa a rediyo, shi ke nan. Ba a yanke hannu don yatsa na ciwo.

Bari in faɗa muku abin da na gani a gidanmu. Mama tana da hawan jini da ciwon suga, irin mutanen da aka ce cutar ta fi yi wa illa. Asubar Ista ta yi wanka, ta ɗaura zanen Zumuntar matan coci, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ta kunna kyandir, ta sa na jingina wayata a jikin gwangwanin madara. Da Fada ya ce Ubangiji ya kasance tare da ku, ta amsa da ƙarfi kamar yana jin ta. Lokacin keɓe gurasa da ruwan inabi ta durƙusa a kan siminti da gwiwoyin nan nata masu ciwo. Wajen ba da salama ta juyo ta miƙo mini hannu, idonta cike da hawaye. Ka zo ka gaya wa wannan tsohuwar cewa wasa take yi. Ko kuwa so kake a cusa ta cikin mutum ɗari biyar don ka tabbatar kai namiji ne? In ta kwanta, kai za ka yi jinya?

Fada bai rufe coci don tsoro ba, don irin su Mama ya rufe.

Af, kafin in manta: don Allah duk wanda ke riƙe wayar nan a coci, ya daina juya ta. Rabin wa'azi a karkace muka kalli Fada, wuyana har yanzu ciwo yake. Kuma a matsar da janareto daga bakin taga. Ina da sandar ɗora kyamara da ba na amfani da ita, katikis ya aiko yaro ya karɓa ranar da aka sassauta dokar don cefane.