Jakin nan yana jin zafi, ko kun yarda ko ba ku yarda ba

Tun jiya nake danne zuciyata a kan bidiyon jakin nan, yau kam na kasa. Ba sai na maimaita muku ba, duk kun gani. Dabba ta durƙushe ƙarƙashin kayan da ya fi ƙarfinta, ƙafar gaba ta lanƙwashe, mai ita yana zabga mata sanda a fuska, mai ɗaukar bidiyon yana ta ƙyalƙyala dariya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Wata baiwar Allah ta rubuta layi biyu kacal, ta ce wannan zalunci ne, sai aka yi mata ca. Wannan ya ce ƙoshi ne ke damunta, wancan ya ce 'yar koren Turawa ce, wani ya ce ta je ta auri jakin. Ɗaruruwan mutane, har da waɗanda nake ganin girmansu, ba wanda ya tsaya ya ce uffan a kan dabbar da ke kwance tana numfashi sama-sama. An ce a bar jaki a doki taiki. Ku kun haɗa biyun, an daki jakin, kun koma kuna dukan wadda ta tausaya masa.

Jakin nan yana jin zafi. Maganar ke nan, kuma duk surutun da aka yi tun jiya ba wanda ya taɓa ta.

"Mutane na mutuwa, ke kina maganar jaki." Wannan ita ce wadda aka fi maimaitawa, kuma ita ce mafi rauni. To ku da kuka rubuta haka, mutum nawa kuka ceta da dariyar da kuka yi? Wane maraya ne ya ƙoshi saboda an fasa wa jaki ido? Wane marar lafiya ya samu magani? Tausayi ba hatsi ba ne da za a ce in an ɗebi mudu ɗaya an ba dabba, rabon mutum ya ragu. A iya zamana da mutane, hannun da ke ɗaga wa dabba ƙafa shi ne dai hannun da ke miƙa wa mabuƙaci, kuma wanda ya saba ganin jini yana dariya ba ya tsayawa a kan dabba. Ba ni kaɗai na lura da haka ba. Tun 2016 hukumar FBI ta Amurka ta ware cin zalin dabbobi a matsayin laifi mai zaman kansa a cikin ƙididdigarta, saboda alaƙar da ake gani tsakaninsa da cin zarafin mutane. Yaron da ke tsaye a gefe cikin bidiyon nan, yana kallon manya suna dariya, me kuke tsammani ya koya?

Sai masu cewa haƙƙin dabbobi kayan aro ne, Turawa suka kawo. Wallahi wannan ta fi ba ni kunya, don yawancin masu faɗin ta suna da hadisan nan a ka. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Mutum ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa, sahabbai suka tambaya ko ana samun lada a kan dabbobi, aka ce musu akwai lada a kan duk mai hanta ɗanya. Raƙumi ya ga Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye, aka kira mai shi aka ce ya ji tsoron Allah, don raƙumin ya kai ƙararsa cewa yana barin sa da yunwa, yana kuma gajiyar da shi. Sannan ga wanda ya fi dacewa da bidiyonku: an wuce da jaki an yi masa lalas a fuska, Annabi ya la'anci wanda ya yi masa haka. Jaki fa, a fuska fa. Suratul An'am aya ta 38 ta ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne irinku. 'Yan'uwanmu Kirista kuma suna da Karin Magana 12:10, inda aka ce adali yana kula da ran dabbarsa. Dokar farko da majalisar Ingila ta yi don hana cutar da dabbobin gida sai a 1822 ta zo, ƙungiyarsu ta kare dabbobi, RSPCA, kuma a 1824 aka kafa ta. Ku lissafa shekarun da ke tsakani, sannan ku faɗa mini wa ya ari abin wa.

Na san abin da ke cin ku, kuma ba zan yi kamar ban sani ba, don ni ma yana cina. Akwai munafunci a cikin wannan fafutuka, mai yawa ma. A watan Fabrairun 2014 Denmark ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, abin da ya shafi Musulmi da Yahudawa kai tsaye, wai don tausayin dabba. A cikin watan Fabrairun dai gidan namun daji na Kwapanhagan, babban birnin ƙasar, ya harbe wani lafiyayyen ɗan raƙumin dawa mai suna Marius, aka feɗe shi a gaban yara, aka jefa wa zakuna naman. A 2020 Denmark ɗin dai ta ba da umarnin kashe mink wajen miliyan 17 saboda korona, dabbobin da dama can a keji ake tara su don gashin jikinsu kawai. A watan Agustan 2021, mutane na rububin tsira a filin jirgin Kabul, jirgi ya tashi da karnuka da kyanwoyi fiye da 150 zuwa Ingila, ma'aikatan da ke kula da su kuwa a ranar an bar su a ƙasa. Shi ya sa ban ga laifin shugaban Botswana na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ba da ya ce a 2024 zai aika wa Jamus giwaye 20,000. Ƙasarsa na da giwaye kusan 130,000, suna tattake gonaki suna kashe mutane, wanda bai taɓa kwana da fargabar giwa ba yana daga nesa yana ba shi umarni. Ƙungiyar PETA ta masu fafutukar haƙƙin dabbobi kuma ta taɓa kwatanta mayanka da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, a kamfen ɗinta na 2003, abin da ya sa mutane da dama suka tsani maganar gaba ɗaya. Duk na sani, duk na yarda.

To sai me? Munafuncin Denmark ya rage wa jakin nan raɗaɗi ne? Sandar da ta sauka a idonsa ta yi laushi saboda abin da ya faru a Kabul? Laifi tudu ne, kun taka naku kuna hango na mutanen da ke wata nahiya. Ku zage su in kun ga dama, ni ma zan taya ku, amma in kun gama ku juyo, dabbar tana nan kwance inda kuka bar ta, kuma tana jin zafi.

Wani kuma ya tambaye ta ko ba ta cin nama. Ɗan'uwa, ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Su kansu masu fafutukar gida biyu ne. Akwai masu cewa kada a ci, kada a hau, kada a kiwata, dabba ba dukiyar kowa ba ce. Ba na tare da su, kuma ba na jin zan taɓa kasancewa tare da su. Akwai kuma masu cewa a yi amfani da dabba amma kada a azabtar da ita: ta ci, ta sha, ta samu inuwa, a yi mata magani in ta yi ciwo, kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba, in za a yanka a wasa wuƙa a hutar da ita. Wannan na biyun kowane mai hankali ya san shi tun kafin a ba shi suna. Baiwar Allahn nan ba ta ce a daina cin nama ba. Cewa ta yi a daina dukan dabbar da ta faɗi. Ku kuka ƙirƙira mata maganar da ba ta yi ba don ku samu abin dariya.

Kuma in dai lissafin azaba za a yi da gaskiya, ba a kan titi mafi yawanta take ba, tana cikin manyan gidajen kiwo ne inda kyamara ba ta shiga. Dabbobin tudu fiye da biliyan 80 ake yankawa duk shekara a duniya, mafi yawansu kaji. Kazar nama cikin kusan mako shida ake hura ta ta kai yanka, har ƙafafunta su kasa ɗaukar jikinta. Kazar ƙwai a tsohon keji ba ta da filin da ya kai faɗin takardar rubutu guda, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana irin wannan kejin a 2012. 'Yan tsaki maza kuwa, da yake ba sa ƙwai, biliyoyinsu ake hallakawa a ranar da aka ƙyanƙyashe su. Jamus sai a 2022 ta hana. Wannan ba ya wanke mai sanda. Yana nuna dai cewa abin ya fi bidiyo ɗaya girma, kuma wanda ya kasa jin tausayin dabba guda da yake gani da idonsa, ta ina zai ji na biliyan da ba ya gani?

Abin da ya sa jaki ya fi ba ni tausayi shi ne halittarsa. Likitocin dabbobi sun san shi da ɓoye ciwo. Doki in cikinsa ya murɗa zai yi ta birgima yana harbin iska, kowa ya ruga. Jaki sai dai ya sunkuyar da kai, ya daina cin abinci, ya yi shiru. Mu kuma muka ɗauki shirun nan muka sa masa suna taurin kai, muka mai da sunansa zagi. Kafin jaki ya durƙushe a gaban mutane kamar yadda na bidiyon nan ya yi, Allah kaɗai ya san kwana nawa ya yi yana ɗauke da ciwon.

Af, tunda maganar jaki ake, mutum nawa a cikinku suka san cewa ana neman ƙarar da su a duniya? Ana dafa fatarsu a fitar da wani abu mai danƙo da ake kira ejiao, wanda ake maganin gargajiya da kayan gyaran jiki da shi a Sin. Jakunan ƙasar sun ragu daga kusan miliyan 11 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da miliyan biyu, sai 'yan kasuwa suka bazu Afirka da Kudancin Amurka neman fata. Ƙungiyar Donkey Sanctuary mai kula da jakuna ta ƙiyasta cewa jakuna miliyan 5.9 ake kashewa duk shekara saboda wannan. Jaka kuwa shekara guda take ɗauke da ciki, ɗa ɗaya take haifa, ba yadda za a yi haihuwa ta kamo yanka. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da a haramta yanka jakuna don fatarsu. Ban ga ko mutum ɗaya daga cikin masu sharhin jiya ya taɓa ɗaga wannan magana ba, alhali matan karkara da ke ɗebo ruwa da itace a kan jakunan nan su ne ke komawa ɗauka a ka in an sace musu. In akwai likitan dabbobi a cikin masu bina, don Allah ya yi mini magana ta akwati, ina so in tambaye shi ko ƙafar da ta lanƙwashe irin haka tana gyaruwa.