Ina tab ɗina, GCC?

Haba! Halin cpp na GCC, wato manhajar da ke fara tace rubutun yaren C kafin GCC ya mayar da shi shirin kwamfuta, yana ƙona mini rai. Ka jera layukan C tsaf, ka buga gcc -E don ganin abin da cpp ya fitar, sai ka tarar duk tazarar da ka bari tsakanin kalmomi ta dunƙule ta zama gurbi ɗaya. Sharhin da ka rubuta cikin layukan ma ya ɓace, sai in ka ƙara -C.

Wanda ya fi ciwo shi ne tab (tazarar maɓallin Tab) na farkon layi, da yake mayarwa fili kawai. Ɗalibi a nan Damagaram ya bi da Makefile (fayil ɗin umarnin da manhajar make ke bi) ta cikin cpp, make ya ƙi tashi don yana buƙatar tab a farkon layin umarni, ga zafi, ga wuta na shirin ɗaukewa. Ƙa'idar C ta bar wa masu GCC zaɓi kan tazara, na yarda. To me ya hana su bar tab inda yake, ba sai mutum ya tono zaɓin -traditional-cpp mai barin tab ba?