Ra'ayin da ba ka taɓa tuhuma ba, anya naka ne?

Yawancin abin da muke kira "ra'ayina" gado ne. Mun tashi mun tarar ana faɗa, muka ɗauka. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya lura cewa yaro kan tashi a kan abin da ya tarar da iyayensa, ba don ya auna ba. A ganina aikin falsafa ke nan: ta koya maka tantance gadon, ka san wanda kake riƙe da shi da hujja.

Hanyar tsohuwa ce, ta Sukrat, masanin falsafa na birnin Atina a Girka, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin miladiyya. Ka ɗauki ra'ayi guda, ka rubuta shi a jimla ɗaya, sannan ka nemo misali ɗaya tak da zai karya shi. Almajirinsa Aflatun ya ruwaito cewa Sukrat ya tambayi wani janar, Lakes, mece ce jarumta. Janar ya ce ka tsaya a sahu, kada ka gudu. Sukrat ya tuna masa da mahayan dawakin Sikitiya, wata al'umma ta zamanin dā, masu yaƙi suna ja da baya. Su ragwaye ne? Dole aka sake ma'anar.

Gwada da "hutu lalaci ne". Likitan tiyata da ya kwana yana aiki, ya yi barci kafin ya sake riƙe wuƙa, malalaci ne? A'a. To, gyara jimlar, ka sake neman abin da zai karya ta, har ka rasa.

Inda ake tafka kuskure shi ne barin kalma a dunƙule. Muddin ba ka fayyace me kake nufi da "lalaci" ba, duk misalin da aka kawo za ka zille masa. Wasu kuma ra'ayin abokin gardama kaɗai suke bincika, nasu ba a taɓawa (wannan musu ne kawai, ko da an ambaci sunan Aflatun sau goma).

Mafi haɗari shi ne rushe komai lokaci guda. Dekat, masanin falsafa na Faransa, duk da shaharar da ya yi da shakka, ya rubuta a 1637 cewa mai sake ginin gida sai ya tanadi wurin kwana tukuna. Shi ya sa ya ci gaba da bin dokokin ƙasarsa da addininsa yayin da yake binciken ra'ayoyinsa ɗaya bayan ɗaya.