Ku Daina Dafa Mana Yara a Cikin Bargo

Waɗanda suka ga abin da na ɗora jiya da daddare sun san a asibiti na kwana da yaro mai zazzaɓi. Yaron ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, maleriya ce, an sallame mu da hantsi. To yanzu da hankalina ya dawo jikina, bari in amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji.

Watan Maris ne fa, a Kubwa ta Abuja, ba wuta tun la'asar, ɗaki ya ɗauki zafi kamar tanda. Na shiga na tarar da yaro ɗan shekara biyu an zura masa rigar sanyi, an kifa masa hular ulu, an naɗe shi da zani, sannan an danne da bargon nan mai hoton damisa. Taga a rufe. Na sa masa ma'aunin zafi, 39.6. Na ce, "Gwaggo, mene ne haka?" Ta ce, "Ke dai bar shi ya yi gumi, zazzaɓin zai fita." Madalla! Saura a yanka albasa a zuba, a kawo murfi a rufe.

Jama'a, gumi ba ya sanyaya jiki sai iska ta busar da shi. Wannan ita ce maganar, kuma zan yi ta nanata ta har ku gaji da ni.

Jikin ɗan Adam yana zama ne a wajajen digiri 37, kuma akwai wani ɗan sashe a can ƙasan ƙwaƙwalwa da aikinsa ke nan, gadin wannan awon. Da zafi ya yi yawa sai ya buɗe jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata, jini ya kwaso zafin ciki ya kawo shi waje. Daga nan wani zafin ya fita kamar yadda garwashi ke hucin wuta, wani ya bi tabarma ko simintin da ka kwanta a kai, wani iska ta kwashe. Amma idan iskar ɗakin ta kai zafin fatarka, irin na Abuja kafin saukar damina, duk waɗannan ƙofofin sun toshe. Saura ɗaya tak: gumi. Muna da ƙofofin gumi tsakanin miliyan 2 zuwa 4 a jiki. Lita ɗaya ta gumi idan ta bushe a kan fata, tana tafiya da zafin da zai iya kai ruwa lita 7 ga tafasa. Idan ta bushe, na ce. Gumin da ya jiƙa zani ya kwanta a ƙarƙashin bargo, asarar ruwan jikin yaro kawai aka yi, zafin yana nan yana taruwa.

Na san masu cewa, "Ai yana rawar sanyi." Eh, yana yi. Lokacin da zazzaɓi ke hawa, ƙwaƙwalwa ce ta ɗaga awonta sama, sai jiki ya ga kamar yana cikin sanyi, ya kama karkarwa don ya ƙara zafi. A rufa masa zani mara nauyi, ya isa. Gumin nan da kuke murna da shi kuwa, yana zuwa ne bayan zazzaɓin ya fara sauka. Ba shi ya kore shi ba, rakiya ya yi masa.

Masu "haka aka rene mu kuma ga mu nan", don Allah ku huta. Mu da muka rayu muke magana. Sai kuma wata ƙawata 'yar Jos da ta ce su a Rayfield dole su lulluɓe yara. Yaro lafiyayye a hunturun Disamba, a kan tsaunin da ya haura mita 1,200, ai ba shi nake magana a kai ba. Mai zazzaɓi ko a Jos ne ba a jibga masa bargo uku.

Gaskiya ban tsani Gwaggo ba. Ita ta kwana tana yi wa yaron fifita da maficin kaba a asibiti, idonta jawur. So ne ya sa ta yi abin da ta yi, kuma shi ya sa abin ya fi min ciwo. A rage wa yaro kaya, a buɗe taga, a yawaita ba shi ruwa ko nono, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa, a je a gwada jini. Kada kuma wani ya ji ni ya kwara masa ruwan ƙanƙara, wannan sai jijiyoyin fata su tsuke, karkarwa ta ƙaru. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, da ya taɓa 38, asibiti kai tsaye.

Abin dariya, a gidan Gwaggon akwai randa a gindin bishiya. Me ke sanyaya ruwanta? Tsattsafowar da take yi ta jikin yumɓu, iska tana busarwa. Ko kusa ba za ta yarda a naɗe randar nan da leda ba. Da wannan dabarar Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Ni kam da wannan wutar da ake ba mu, firjina ya zama kabad ɗin ajiye tukwane. Wa ya san inda ake sayar da randa mai kyau a nan kusa? Ta 'yan Gwari nake so, ba mai fenti ba.