Barin sigari ba ya ɓata jinyar mai shaye-shaye

A Zariya, idan matashi ya fara jinyar barin kodin ko tiramol, sai ka ji dangi na cewa a ƙyale masa sigarinsa, kada abin ya yi masa yawa ya koma ruwa. Wani yayan ma da kansa yake sayo masa kara biyu wurin mai tireda.

Tausayi ne, amma kuskure ne. Bincike ya nuna barin taba lokacin jinya ba ya mayar da mutum baya, yakan ma taimaka. Galibi a majalisa ɗaya ake shan sigari da ƙwaya, shi ya sa kunna sigari ke tayar da kwaɗayin ƙwaya. Taba kuwa tana kashe har rabin mashayanta da ba su daina ba.

Akwai cingam da filastar nikotin (sinadarin da ke sa a kamu da taba) masu rage ƙishirwarta; a tuntuɓi likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika.