Mamatanmu a bakin mutane suke

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san kabari ba ya daɗewa. A yi damina uku ko huɗu, ƙasa ta kwanta, ciyawa ta rufe, guntun tukunyar da aka kafa a wajen kai ya nutse. Je ka maƙabartar garinku ka ce a nuna maka inda kakan babanka yake kwance, da wuya ka samu mai nunawa. Amma zauna a dakalin ƙofar masallaci ka ambaci sunansa, sai ka sha labari har la'asar: shi ya haƙa rijiyar bayan gari, shi ya ja da dagaci a kan burtali, ba ya cin tuwo shi kaɗai ko da dare ya raba. Mu a bakin mutane muke ajiye mamatanmu. Abin da ke damuna shi ne bakunan nan suna ƙarewa, mu kuma da muka gaje su mun ɗauka hoto a Facebook ya wadatar.

Ku duba yadda ƙauye ke riƙe mutum. A haifi yaro a mayar masa da sunan kakansa. Uwar ba za ta kira sunan surukinta ba saboda kunya, sai yaro ya zama Abba ko Babangida, yarinya ta zama Ummi. Duk kiran da aka yi masa a tsakar gida, an tuna da tsohon. Gona ko an sayar da ita sau biyu, da sunan wanda ya sare dajin ake kiranta. Garuruwa ma haka, Malam Madori da Sule Tankarkar a Jigawa ai sunan mutane suke ɗauke da shi.

Sai zaman makoki, wanda a ganina nan ne ake karanta tarihin mutum. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mai zuwa ya yi addu'a a shafa, ya ce ya haƙuri, a ce masa da godiya. To bayan wannan ne hira ke buɗewa. Wani tsoho da 'ya'yan gidan ba su taɓa gani ba zai zo daga wata ruga ya ce a farin 1973 marigayi ya ba shi damin gero, bai taɓa tayar da maganar ba. Wani ya kawo kuɗin ajiya da babu wanda ya san da su. A wajen jana'iza an riga an yi shela, duk mai bin sa bashi ya zo ya faɗa. Yaran da ke zirga-zirgar kawo ruwa suna jin duk wannan, da shi za su girma.

Rigimar sadakar uku da bakwai da arba'in na bar wa malamai, tun kafuwar Izala a Jos a 1978 ake ta, ba ni zan kashe ta ba. Abu ɗaya dai nake ƙi: a bar masu rashi da ɗora tukunya suna ciyar da gari, har su ci bashi. Da Ja'afar ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, Annabi (SAW) cewa ya yi a dafa wa iyalansa abinci. Maƙwabta ke dafawa.

Yanzu fa? Kafin a gama wanka, hoton mutum a gadon asibiti ya zaga WhatsApp, wani ma har da likkafani. Wallahi wannan cin mutunci ne, mutumin da ko hularsa ba ya cirewa a gaban yara. Ɗaruruwa su rubuta Allah ya jiƙansa, ina kuma fatan Allah ya karɓa. Amma bayan mako guda wa ya leƙa rumbun matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma? Wa ya kira gayya aka nome wa marayu gonarsu? Abdullahi ɗan Umar ya taɓa haɗuwa da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakinsa da rawaninsa, don kawai uban mutumin abokin Umar ne. Nawa ne a cikinmu suka san abokan iyayensu, balle su kai musu goron sallah?

Ga kuma abin da ya fi ciwo. A Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka ɗungurungum. Tun 2019 mutane ke tsallakawa jihar Maraɗi neman mafaka. Wanda ya gudu ya bar gona da rijiya da maƙabarta, tsofaffin da suka san labarinsu sun watsu, wannan a kangon makaranta, wancan a gidan ɗansa a birni. Yaron da aka haifa a gudun hijira zai iya ɗaukar sunan kakansa, amma babu dakalin da zai zauna a ba shi labarinsa.

Mun san rayuwar Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da ta rasu a 1951, saboda wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita ta rubuta abin da ta faɗa, aka buga a 1954. Kowane gari yana da irin Baba, sai dai babu mai zama da ita. Alhali wayar da muke ɗaukar hoton gawa da ita tana ɗaukar murya.

In kun je gida sallah, ku nemi tsofaffi mata, sun fi maza riƙe wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Kada ku tambaye su shekara, ba sa lissafi da ita. Ku ce kafin a kashe Sardauna ne ko bayan, lokacin fam da sule ne ko an canja kuɗi zuwa naira. Na farkon 1966 ke nan, na biyun 1973, sauran lissafin ku yi da kanku. Ku ajiye wayar a gefen tabarma, tsohuwar ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, in kun cusa mata a baki shiru za ta yi. In kun gama ku tura wa 'yan uwa biyu ko uku, don waya ana sace ta.